Basfar Malam da Gefen da Na Dirje

Ranar sunan jaririn Rabi ina kwance a ɗaki, ƙafa ta hana ni fitowa, sai na ji ku a tsakar gida kun sake tayar da labarin nan. Rabi ce ke bayarwa tana kwaikwayon muryata, wai Inna ta ɗauka basfar Baba tukunya ce, ta zuba mata yashi ta dirje. Kuka yi ta ƙyalƙyala dariya, har da matan unguwa waɗanda ko Malam ɗin ba su sani ba. Ban ji haushi ba, don shekarun nan duka ni ma ina taya ku dariyar. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar da yayanku ya yi a ƙarshe, cewa bayan salla zai kai basfar wurin mai fenti a feshe ta baki ɗaya, a rufe ɓarnar Inna. To kafin a rufe, ku zauna ku ji yadda aka yi ɓarnar. Yayanku dai kun san ba na kama sunansa tunda shi ne na fari, don haka Babba zan ce masa kamar yadda na saba.

Jikokina sun san Malam da furfura da wasa. Ku kun san zafinsa, amma ba kamar ni ba. Mahaifinku mutum ne da ba ya iya ganin an yi abu ba daidai ba ya wuce. In an ɗaure akuya, sai ya kwance ya sake ɗaurin. In an naɗe tabarma, sai ya ce gefen ya karkace. Ban taɓa ɗora tukunya yana tsakar gida ban ji an ce itacen ya yi yawa ba. Farkon aurenmu na sha kuka a bayan rumbu. Daga baya na gane ba ƙi ba ne, haka Allah ya yi bakinsa, kuma da gyaran nan yake nuna hankalinsa na kanka. Wanda Malam bai damu da shi ba, ko da ƙafa yake cin tuwo ba zai tanka masa ba.

Basfar ya saye ta ne a nan Kaura, hannun wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, tun ina goyon Babba. Shuɗiya ce, ruwan bula. Da damina yana noman gero da dawa a ƙauyenmu da ke bayan Gurbin Bore, da rani kuma ya ɗaura akwatin koli a bayanta, zare da allura da turare da kwalli, ya ci kasuwar Shinkafi, ya ci ta Zurmi, ya leƙo Kaura ya yi sari. Tun daga bakin rafi muke jin ƙararta, in tashi in ɗora ruwan zafi. Da samari suka koma sababbin babura, aka yi ta yi masa tsiya, ya ce shi da ita sai rabuwar Allah. Kowace Juma'a da hantsi yake wanke ta, shi kaɗai, da ruwa a ƙwarya da tsumma mai laushi. Ko sabulu ba ya sa mata. Ni ke kawo ruwan, ni ke yago masa tsumman daga tsofaffin kallabaina, amma taɓawa ban isa ba. Ku riƙe wannan, don za mu dawo kansa.

Labarin tashinmu daga ƙauye ba zan maimaita ba, kun san shi, kuma ba na son tuna shi. Abin da ba ku gani ba shi ne safiyar da Babba ya turo mota. Motar ta cika da mutane, babu wurin basfa, hawa babur a hanyar nan kuwa a lokacin neman magana ne ta kowane gefe. Masu shigowa da bindiga kuma babur suke fara nema. Babba ya ce ta waya wa zai ɗauki wannan tsohuwa, a bar ta a zaure. Malam ya miƙe. Ya shiga garken awaki ya haƙa rami shi da ƙaninsa Nomau. Ya tsiyaye mata mai, ya kwaso buhunan takin zamani da muka zazzage a gona, ya farke su ya ɗinke da basilla, wai su ne ruwa ba ya ratsawa. Ya naɗe ta tsaf. Buhun bai kai murfin gefen hagu ba, sai ya yi tsaki ya ce in miƙo tsohon zanena, ya rufe wurin da shi yana mita, wai nan ne za ta lalace. Da suka mayar da ƙasa, ya watsa kashin awaki a kai ya karkaɗe hannu.

"Wata guda na, Hajo," in ji shi. "Mu komo mu ishe ta."

Wata gudan nan sai da ya zama damina biyu. A Kaura, Babba ya ba mu ɗaki a gidansa kusa da tasha, inda yake tuƙin motar hatsi. Bai rage mu da komai ba, Allah ya yi masa albarka. Da farko Malam yana fita yana tambayar labarin hanya. Sannu a hankali ya daina tambaya, ya daina fita, ya shimfiɗa buzu a ɗaki ya zauna yana kallon bango. Salla a ɗaki, sai Juma'a in Babba ya matsa masa. Magana ta koma "to" da "Allah shi kyauta". Rigarsa ta fara yi masa yawa. An kai shi asibiti, suka ce jininsa ya ɗan hau, suka ba da ƙwayoyi. An sha rubutu, an yi sadaka. Masu zuwa gaisuwa suna fita suna cewa ai Malam tsufa ya sa ya yi sanyi, an huta da faɗa. Ni kuwa na san wannan ba sanyi ba ne. Wata rana na cika wa miyarsa gishiri da gangan, gishirin da ni kaina na kasa haɗiyewa. Ya ci loma kaɗan, ya ture kwanon, bai ce komai ba. Na naɗe tabarma a karkace na jingine ta a gabansa, ta wuni a nan. Ranar na shiga bayi na yi kukan da ban yi ba ran da muka baro ƙauye, don na gane mijina tafiya yake yi yana zaune.

Nomau a lokacin ya ajiye iyalinsa a Zurmi, yana leƙa gona in an sami sarari. Abokin wasana ne tun ina amarya, ba ma haɗuwa ba mu yi tsiya ba. Da ya zo gaishe da yayansa, na tare shi a zaure.

"Nomau, ramin ga na garke, ka tuna wurin?"

"Na tuna, matar yaya. Ko zinari kinka sa ciki ban sani ba?"

"Basfar yayanka nike so ka tono min."

Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya leƙa ta ƙofa wajen ɗakin da Malam yake, ya daɗe, sannan ya ce in ba shi lokaci ya ga yadda daji zai yi. Akuya guda nake da ita wadda ta biyo mu a motar nan, na ce ya tafi da ita ya ba mai amalanke. Maganar ba ta ɓoyu ba, matar Nomau ta bugo wa Babba waya. Ya shigo mini ɗaki ko sallamar kirki babu.

"Inna, ki tura Baffa Nomau cikin dajin ga saboda ƙarhe? In wani abu yas same shi, mi za ki ce ma iyalinai?"

"Zan ce ni nit tura shi."

"Kuma ko ta tashi, kin san hanya za shi hau. Mun samu ya zamna wuri guda lahiya lau, ke kina son ki maishe shi bisa hanya."

"Wanga zaman kake kira lahiya?"

Ya juya ya fita. Ina so ku sani, yayanku yana da gaskiya a duka biyun. Na auna su tun kafin ya faɗa. Na san in Nomau bai dawo ba, ni na ci amanar 'ya'yansa har abada. Na san in basfar ta tashi, ba ni da sauran kwanciyar rai ranar kasuwa. Amma ni ke kwashe kwanon Malam, ni na san abin da yake bari a ciki. Na zaɓi in riƙa jin tsoron hanya da in riƙa kallon buzun nan. Daga ranar Babba ya koma gaishe ni a tsaye daga bakin ƙofa, ya daina cin tuwona. Ɗan da ba ya wuce ƙofata bai durƙusa ba. Wannan ya ci mini rai fiye da yadda na nuna.

Kwanakin da Nomau ya yi a hanya ban san ɗanɗanon abinci ba. Allah ya tsare. Ya tono ta, suka kwantar da ita a amalanken shanu suka rufe da kara har Zurmi, daga nan aka ɗoro ta a a-kori-kura. Da la'asar suka sauke ta a tsakar gida. Rabi ta ruga ta gaya wa babanta, sai ga shi ya fito yana dafa bango. Zuciyata ta yi fari, na ce an gama. Nomau ya sa wuƙa ya yanke ɗinkin, buhun ya ƙi rabuwa da jikinta, sai da aka ɓamɓare. Abin da ya fito ba shuɗi ba ne. Ja ne jawur, kamar an barbaɗe ta da garin barkono, wurin ɗora ƙafa har ya huje ana hango ƙasa. Murfin hagu kaɗai, inda zanena ya rufe, shi ya fito da shuɗinsa yana ƙyalli kamar jiya aka wanke. Malam ya duƙa ya shafa cikin buhun, ya murza farin abin da ya maƙale a yatsunsa, ya shinshina.

"Taki," ya ce.

Kowane manomi ya san in ka bar fartanya a jikin buhun taki ta kwana biyu, sai ka ga ta yi tsatsa. Ragowar takin ke jawo damshi ya ci ƙarfe. Malam ya san haka, Nomau ya sani, ni ma na sani, amma a safiyar nan ruwan sama kawai muke tunani. Abin da ya naɗe ta da shi don ya tsare ta, shi ya cinye ta, wurin da ya yi wa tsaki kuma shi ya tsira. Ya miƙe ya koma ɗaki ya saki labule. Ranar ko ruwa bai karɓa ba. Babba ya yi mini wani kallo ya wuce. Washegari 'yan gwangwan suka ji labari suka zo ƙofar gida da ma'auninsu. Babba ya ce a ba su a huta. Na fito na zauna a kan sirdin da ya ruɓe na ce sai dai su auna da ni.

Na sa aka jawo ta daidai ƙofar ɗakin Malam, na ɗage labulen na maƙale. Aikin bakanike ban iya ba, amma tsatsa ba baƙuwata ba ce, mace ce ni mai tukwanen ƙarfe. Na jiƙa tsamiya mai kauri, ina tsoma tsumma ina shimfiɗawa a kan tsatsar, in bari ta sha, in zo da soson waya in goge a hankali. Ruwan na sauka ja. In na gama wuri, in ɗauraye da ruwan kanwa don ya kashe tsamin, in tsane, in shafa ɗan mai. Aikin yana kyau, har ƙarfe ya fara leƙowa fari a wuyanta. Yatsuna suka tsattsage, tsamiya na shiga tana yi mini zafi. Ina yi ina satar kallon ɗaki. Yana gani, na san yana gani, amma ko motsi. Na yi kwanaki a haka kafin hankalina ya dawo jikina. Na ce kai, Hajo, kin tsufa ba ki san mijinki ba? Mutumin nan aikin da aka yi daidai bai taɓa tayar da shi ba. Gishiri a miya bai isa ba don ya daina damuwa da cikinsa. Sai an taɓa abin da ya rage masa.

Da hantsi na ɗebo yashi a kasko, na haɗa da toka kamar zan wanke gindin tukunya. Na zagaya gefen hagu, na juya basfar yadda murfin nan mai shuɗi zai fuskanci ƙofarsa, na durƙusa. Wallahi sai da na yi bisimilla kamar mai yanka. Wannan ɗan wurin shi kaɗai ya rage daga basfar da nake ji tun daga bakin rafi, kuma in dabarar ba ta ci ba, na ƙarasa masa abin da taki ya bari. Na dumbuzi yashi na ɗora na ja. Ƙarar ta shiga mini har haƙori. Shuɗin ya tashi, farin layi ya fito. Shiru. Na sake ja. Shiru. Hawaye ya cika mini ido har ba na ganin abin da nake yi, na danna da ƙarfi na sake ja.

"Ke! Ke Hajo! Mi kike yi haka? Wagga tukunya ta?"

Muryar nan da na sha kuka a kanta ina yarinya, ban taɓa jin abin da ya fi ta daɗi ba. Ya fito ba takalmi, ba dafa bango, ya fizge kaskon ya yi jifa da shi. Na goge ido da gefen zane na yi fuskar wauta.

"To ni na san mi, Malam? Ƙarhe dai ƙarhe na."

"Ƙarhe na? Duk jikinta tsatsa, ba ki ga wurin dirza ba sai inda ba tsatsa? Tashi nan! Rabi, kawo min kujera. Wa yac ce a bar tsamiya ta bushe bisa ƙarhe? Wa yaj jingine ta haka, ba a ga tana karkace ba?"

Rabi tana bakin murhu ta dafe ciki tana dariya, daga nan kuka samo labarinku. Ya yi faɗa tun hantsi har aka kira azahar. Da aka kawo tuwo ya cinye yana faɗan, ya ce miyar ba gishiri.

Daga ranar aiki ya koma hannunsa, ni na zama 'yar aike. Ya ce a nemo sifana da sukudireba, ya kwance ta gunduwa-gunduwa, kowane noti da inda zai zauna a kan tabarma, kuma kaiton wanda ya gusar da ɗaya. Ƙananan ƙarafa a jiƙa su cikin tsamiya kwana ɗaya, ba a wucewa, wai in ta daɗe sai ta bar tsatsa ta koma cin ƙarfen. A ɗauraye da kanwa, a shanya a rana, a shafe da mai tun suna da ɗumi, don ƙarfen da aka kankare in ya sha iska tsirara, kafin la'asar ya sake yin ja. Tankin mai kuwa cikinsa ya fi wajensa lalacewa. Ya zuba tsakuwa da kananzir ya toshe bakin, ni da Rabi muka yi ta girgiza shi kamar masu kaɗa nono, a zubar a sake, har abin da ke fitowa ya daina kama da kunun kanwa. Injin ya kafe, kik ba ya motsi. Ya cire fulogi ya ɗura kananzir da baƙin mai ta ramin, kullum da safe ya zo ya taɓa a hankali, ya ce ba a yi mata dole. Ni kuma duk ran da na ga ya fara yin shiru, sai in yi wata wautar. Ya aike ni sayen sanfefa mai laushi, na kawo mai kaushi. Ya ce ba zai sake aiken mace ba, ya sa hula ya tafi kasuwa da ƙafarsa. Ya dawo da labarin wani tsohon bakanike da ya san basfa, da na mai waldan da zai liƙe wurin ɗora ƙafa, da kuma ƙorafin cewa sahun masallacin unguwa a karkace yake. Nan na san har masallaci ya shiga.

Wata rana yana goge salansa, ya tsaya ya ce, ba tare da ya dube ni ba, shi ya kashe ta da hannunsa. Na ce ai ga ta nan ba ta mutu ba. Ya ce in matsa ina tare masa haske.

Babba duk wannan yana wucewa kamar bai gani ba. Amma yana ganin kwanon babansa na dawowa wayam. Wani zuwa Kano da ya yi da hatsi, ya dawo da ƙunshi a leda. Bai kai wa Malam ba, ɗakina ya shigo, ya durƙusa har ƙasa ya ajiye a gabana. Ringin fistin ne da wayoyin birki da na kuloci.

"Inna, an ce wanga shi ad daidai da tata. Na sha yawo kahin in samu." Sannan ya ce, "Akwai sauran tuwo?"

Na zuba masa, na zauna ina kallonsa yana ci.

Ranar da za a tayar da ita, Nomau ya zo daga Zurmi. Malam ya haɗa fetur da mai da kansa, ya yi ta buga kik har gumi ya jiƙa masa riga, ta ƙi. Babba da Nomau suka tura shi a lungu, suka kai ƙarshe suka dawo, ta yi tari ta mutu. A turi na gaba ta kama, hayaƙi ya turnuƙe lungun, yaran unguwa suka ɗauki ihu. Ni ina zaure, na zauna a ƙasa ina ta hamdala. Da aka kai ta wurin mai fenti, an sami shuɗin da ya yi kusa da nata na da. Mai fentin ya kai hannu zai cire murfin hagu, Malam ya riƙe masa hannu ya ce wannan a bar shi yadda yake. Kuka ce don ya riƙa tsokanata ne. Ya kuwa tsokane ni, duk baƙon da ya zo sai an nuna masa aikin Hajo.

Abin da Babba ya faɗa ya tabbata. Malam ya sake ɗaura akwatin koli. Yawanci cikin Kaura yake zagayawa, amma in aka ce hanya ta yi sauƙi sai ya bi ayari zuwa Shinkafi. Ranakun nan ba na iya zama ɗaki, carbi a hannu, kunne a waje, har in ji ƙararta ta shigo lungu. Akwai ranar da aka tare hanya a gabansu, suka juyo, ya dawo yana faɗan direban da ya yi kwana ba daidai ba, ni kuwa na kwana uku ban runtsa ba. Wannan tsoron ni na saye shi da hannuna, kuma ban taɓa cewa da na sani ba. Allah ya ba mu wasu shekaru da shi yana ci yana sha yana gyara wa duniya zama. Ya ga auren Rabi, ya ɗauki jikoki a gaban basfar yana zagaya unguwa da su. Da lokacinsa ya yi, a kan gadonsa ya same shi, muna kewaye da shi. Ina gode wa Allah, ina gode wa Nomau da ya sa ransa a hanya don maganar matar yayansa, ina gode wa matarsa da ta yafe mini.

A ciwonsa na ƙarshe, wata la'asar ina yi masa fifita, kowa ya fita, sai ya kira ni.

"Hajo."

"Na'am, Malam."

"Yashin ga da kinka sa ma basfa."

"Har yau ba ka huce ba?"

"Ke ka kawo min ruwan wankinta tun kina goyo. Ke ka yago min tsumma. Kin san ko sabulu ban sa mata." Ya numfasa. "Tun jan hwarko na san da gangan kike. Nic ce matar ga in ban tashi ba, ita za ta hwaɗi. Shi yas sa nih hana a ruhe wurin."

Fifitar ta tsaya a hannuna. Ashe duk shekarun nan ina yi masa wauta, shi yana yi mini faɗa, kowa ya san abin da ɗan'uwansa ke yi. Ya rufe ido, na ɗauka barci ya yi, sai na ji ya ce:

"Amma dai kin cika hannu. Da kin sassauta kaɗan."

Wannan shi ne gyaran ƙarshe da ya yi mini.

Babba, basfa taka ce yanzu, ba ni da ta cewa a kanta. Ka kai ta wurin mai fenti, ka feshe ta duk launin da ranka ke so. Murfin hagu kaɗai nake roƙo ka ce masa ya bari. Rabi kuma ki ci gaba da ba da labarinki, kina iya muryata, ina jin daɗi. In jikoki sun tambaya wa ya yi wannan ɓarna, ku ce musu ni ce, kuma ina sane.